Rubutun Aljanu da Kujerar Iya Risi

A layin masu ɗab'i na Mokola, a Ibadan, in ka ce kana neman Àmọ̀pé Ràjí ba lallai a gane wadda kake nufi ba. Amma ka ce Iya Risi mai karanta rubutun aljanu, ko mai tallan lemo zai nuna maka Maɗaba'ar Olasupo, ya ce ka shiga ka duba kujerar da ke jikin taga. Sunanta na yanka yana da ɗigo ɗaya a ƙasa da alamomi uku a sama, kuma ta sha yin faɗa da ma'aikatan asibiti a kansu. A nan Amope kawai za a rubuta, Allah ya sa kada takardar ta faɗa hannunta.

Tana 'yar shekara goma sha bakwai kawunta ya kawo ta shagon daga unguwar Oje, don ta riƙa ninke takarda. A lokacin Alhaji Busari Olasupo, wanda kowa ke kira Baba, shi ne mai shago, shi ne kuma babban mai jera harafi. Harafin dalma ne, ɗaya bayan ɗaya ake tsinto shi daga wani faffaɗan akwati mai gida-gida, a jera shi a juye. Baba siriri ne, mai gajen haƙuri, kuma bai yarda mace tana da abin yi kusa da akwatin nan ba. Sai wata rana Amope na cikin ninke katin biki ta tsaya, ta ce a hankali, kamar mai magana da takardar, ashe gona za a kai amaryar. A Yarbanci ọkọ miji ne, oko kuma gona, ɗigo biyu ne kawai tsakaninsu, mai jerawa kuwa ya manta da su. An riga an buga kati ɗari uku. Baba ya karɓa ya duba, ya naɗe katin ya maka wa mai jerawar a ƙeya, sannan ya juyo gare ta.

"Ke, wa ya tambaye ki?"

"Babu, Baba."

"To gobe ki zo da tsumman da ba kya so. Baƙin dalma ba ya fita a zani."

Haka ta fara. Baba bai iya koyarwa da lallashi ba. Yakan tsaya a bayanta hannunsa a baya, in ta kai hannu gidan da ba shi ba sai ya yi gyaran murya, in ta sake sai ya yi tsaki, in ta yi daidai kuwa sai ya wuce abinsa kamar bai gani ba. Haruffan da Turawa ke sayarwa ba su cika zuwa da ɗigon ƙasa ba, don haka Baba yakan zauna da ɗan zarto yana rage gindin harafi, yana manna masa aya. Ya ce Bature bai yi wa harshenmu takalmi ba, mu ne za mu ɗinka da kanmu. Cikin shekara uku idon Amope ya saba, ta kai tana karanta layi a juye kuma ƙafa a sama da sauri fiye da yadda wani zai karanta jarida.

Wannan zamani ne take yawan tunawa. Shagon na warin tawada da kananzir, inji na numfashi kamar tsohon mai asma, rediyo na rataye a ƙusa. Da azahar mai amala takan shigo da tire, kowa ya wanke hannu da sabulun soda, amma duk da haka sai ka ga sawun yatsa baƙi a jikin loma. Baba na jera harafi yana rera kirarin gidansu ƙasa-ƙasa, in ya kai wurin da ake ambaton kakansa mafarauci sai ya ɗaga murya kaɗan. A shagon nan aka buga katin aurenta da wani ma'aikacin jirgin ƙasa, a nan aka buga na sunan 'yarta Risikat, wadda ta ba ta sunan Iya Risi. Da mijin ya rasu, a nan ɗin dai aka buga takardar addu'arsa, kuma ita ta jera da hannunta, don ta ce ba za ta bari wani ya ci masa ɗigo ba.

A 1993 Lasisi, babban ɗan Baba, ya gama karatu ya dawo da kwamfuta guda biyu. Aka kwashe akwatunan dalma aka kai bayan shago, daga baya masu gyaran batir suka saye su. Baba ya miƙa wa Lasisi makulli ya koma bencin ƙofar shago, inda yake zama daga hantsi zuwa la'asar yana amsa gaisuwa. Tsoffin masu jerawa suka watse, wani ya koma ƙauye, wani ya kama sayar da katako. Amope kaɗai ta zauna ta koyi madannai tana da shekara talatin da shida, da yatsa biyu, kamar kaza na tsattsagar tsaba. A gaban masu kawo aiki tana ce wa Lasisi Oga. In babu kowa sunansa take kira tsirara, don ita ta riƙa share masa majina yana yaro. Shi kuwa Anti yake ce mata ko'ina.

Gaskiya ɗaya ce, a kan kwamfuta ba ta taɓa zama gwana ba. 'Yan matan da Lasisi ke ɗauka suna buga shafi uku kafin ta gama ɗaya, kuma sanyi ya fara kama mata gaɓoɓin yatsu. Ta sani, Lasisi ya sani. Tana ganin yadda yake satar kallon kujerarta in aiki ya taru.

Sai Allah ya kawo rubutun aljanu.

Wajen 2005 mutane suka fara turo aiki ta imel, musamman 'yan gari da ke zaune a Turai. A can sun rubuta Yarbancinsu tsaf da ɗigo da alamun murya, amma da zarar an buɗe fayil ɗin a manhajar rubutu ta shagon, sai duk harafin da ke da alama ya tarwatse ya zama tarkace. Sunan Baba kansa, Ọláṣùpọ̀, haka yake fitowa: á»ŒlÃ¡á¹£Ã¹pá»□Ì€. Morufu mai inji, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya leƙo ya gani ya kwashe da dariya.

"Baba, zo ka gani, ka yi arziki! Ga kuɗin fam a tsakiyar sunanka, ga na yuro a ƙarshe. Ashe ɓoyewa kake yi."

"In ka cire su ka sayi hankali," in ji Baba daga benci, bai ko waiwayo ba.

An zargi cutar kwamfuta, an zargi filas ɗin da ake kwafar fayil a ciki, an zargi masu turowa. Wata mata da aka nuna wa tarihin mahaifinta a haka ta ja da baya tana a'uziyya, ta ce wannan rubutun aljanu ne, daga nan sunan ya bi shi. Amope kuwa ta ƙura wa tarkacen ido. Ta sa aka buga mata shafi ɗaya a takarda, ta kwana uku tana ɗauke da shi a jaka, tana dubawa a mota, tana dubawa a kan tabarmar salla. Matar da ta shekara goma sha tara tana karanta harafi a juye ba ta jin tsoron mummunan rubutu. A rana ta uku ta gane cewa aljanun ba mahaukata ba ne, suna da ƙa'ida. Duk inda alamar fam ta fito, ṣ ne a wurin. Duk inda yuro ya fito, murya ce ta sauka. Inda alamar ɗan akwati ta cinye wani abu, sanin harshe ne zai gaya maka abin da aka cinye. Ta zauna ta sake buga shafin daga farko, aka kira mai shi a waya aka karanta masa, ya ce ko wasali ɗaya bai kauce ba.

Daga ranar kujerarta ta kafu. Shagunan layin duka suka riƙa aiko mata da nasu, har daga Oke-Ado ake zuwa. Takan gyara tabarau ta dubi tarkacen, ta riƙa karantawa a bayyane kamar mai karanta wasiƙar ɗanta, mutane na tsaye a bayanta baki buɗe. Shafi goma sha biyu take yi a yini. Mai gaggawa ya jira, don babu wata sai ita. Morufu ya ce aljanun mazanta ne, shi ya sa ta ƙi sake aure. Ta ce ko banza sun fi shi wanka. Tana jin daɗin wannan suna ƙwarai, ba ta ɓoyewa. Ita da aka fara yi wa kallon tsohon kaya, yau ga shi da tsohuwar zuma ake magani.

Shekara shida aka yi a haka.

Wata Laraba da hantsi, idonta ya dame ta, ta kama linzamin kwamfuta tana laluben inda ake ƙara wa rubutu girma. Jerin zaɓin da Turanci yake, ita kuwa Turancinta na gaisuwa ne da rasit. Ta kuskure ta shiga wani layi da ba ta taɓa shiga ba, wanda ke tambaya da wane tsarin haruffa za a sake buɗe fayil ɗin. Sunaye suka zubo, ta danna ɗaya a kan kuskure, UTF-8. Allon ya ƙifta sau ɗaya. Fam ya ɓace, yuro ya ɓace, 'yan akwatuna suka ɓace. Shafi arba'in na Yarbanci suka tsaya a gabanta tsaf, kowane ɗigo a ƙarƙashin harafinsa.

Ta daɗe tana kallo. Abin haushin shi ne nan take ta fahimci komai, don ta taɓa ganin irinsa. Kowace maɗaba'a a da tana da yadda take raba harafi a gidajen akwatinta. In ka je akwatin wani shago da hannun da ya saba da na gida, za ka tsinto harafi daga gidan da ka saba, abin da za ka jera kuwa shirme ne, alhali ba harafin da ya lalace. Haka kwamfutar shagon ta shekara shida tana kai hannu akwatin da ba shi ba. Babu aljani ko ɗaya. Dannawa biyu ce, ko jikarta 'yar firamare za ta iya.

Ta waiga. 'Yan mata na ta bugu, Lasisi na waya, Morufu na ƙarƙashin inji. Ta mayar da fayil ɗin yadda yake, ta tashi ta je ta wanke fuska.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wa ranta ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tana da shekara hamsin da huɗu, in aka tashe ta daga kujerar nan ba ta san inda za ta kai safiyarta ba, don tun tana budurwa ba ta san wata hanya ba sai ta Mokola. Sai dai ta yi wa kanta doka guda, ba za ta taɓa danna abin nan a ɓoye ta zauna tana wasa da madannai ba. Ta ci gaba da bugawa da hannu, harafi bayan harafi, yatsu na zafi, wai don guminta ya halatta. Amma daɗin ya tafi. In aka taru a bayanta ana mamaki sai ta ji kamar ta sa zanin aro. Akwai wani tsohon fasto da ya yi kwana huɗu yana zarya a kan littafin waƙoƙin cocinsu, kullum ya zo sai ya sa mata albarka, kowace albarka kuwa kamar ya ɗora mata dutse. Sau biyu tana zuwa bakin ofishin Lasisi da niyyar faɗa, sau biyun tana ɓigewa da tambayar lafiyar yara.

Baba ya rasu wata Juma'a da safe, a cikin damina, aka binne shi bayan an sauko daga masallaci. Iyali suka yanke cewa ranar addu'ar takwas za a raba littafi, da tarihinsa, da kirarin gidansu cikakke, da ta'aziyyar duk wanda ya taɓa cin abinci a ƙarƙashinsa. Ɗan mai ɗab'i ba zai raba 'yar takarda mai shafi huɗu a addu'ar ubansa ba, layin Mokola duka zai zo ya duba. Modinat, ƙanwar Lasisi da ke Kanada, ita ta ɗauki nauyin tattarawa. Ta yi ta bin mutane a waya, ba ta turo ba sai ranar Laraba bayan azahar. Addu'a kuwa Juma'a ce, kuma dole Morufu ya samu yinin Alhamis cur don bugu da ninki da ɗinki.

Aka buɗe fayil. Shafi tamanin da huɗu, rubutun aljanu daga sama har ƙasa.

Lasisi ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya rame a kwana biyar ɗin nan, furfurar gemunsa ta fito fili.

"Anti, nawa za ki iya kafin a tashi?"

"Shida. In na matsa, takwas."

"To ki zaɓi takwas. Kirarin, da tarihin a taƙaice. Sauran a bar su."

"A bar su a kai ina?"

"Ya zan yi? Modinat ta kashe ni. Ki zaɓa kawai, kin fi kowa sanin wanda ya kamata."

Ya tashi ya tsaya a bakin taga. Amope ta fara gangarawa da shafukan. Ita kaɗai ce a ɗakin ke iya ganin abin da ke ciki. Ga wani tsohon almajirin shago da ke Abidjan yana ba da labarin yadda Baba ya raka shi tasha ya cusa masa burodi a jaka yana zaginsa. Ga matar wani mai jerawa da ya rasu tana cewa shekara tara Baba na aiko mata da doya duk kaka, bai taɓa bari a ce daga gare shi ba ne. Ga jika 'yar shekara goma da ta rubuta layi uku da Yarbancin koyo. Mutum sittin da wani abu, kowa ya zauna ya rubuta, an ce ta ɗebi kaɗan ta zubar da saura. Kuma ta san babu dalilin zubarwar sai kujerarta.

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Lasisi," ta ce, a gaban kowa, ba Oga ba. "Zo ka tsaya nan. Ku ma ku zo. Morufu, fito."

Suka taru a bayanta kamar yadda suka saba. Ta kama linzami. Ta shiga jerin zaɓi, ta gangara layin tsarin haruffa, ta danna. Allon ya ƙifta. Sunan Baba ya fito a saman shafin farko da manyan baƙaƙe, da ɗigonsa da alamominsa, kamar shi ya jera da hannunsa.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ku duba da kyau, nan ne. Kada dai ku ajiye fayil yana a hargitse, ku fara sauya tsarin tukuna. Ko wace cikinku za ta iya."

Morufu ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya rufe. A karo na farko a rayuwarsa ya haɗiye magana. Lasisi ya ce kowa ya koma bakin aiki, a fara shirya shafuka. Da suka watse ya sake zama kusa da ita.

"Tun yaushe, Anti?"

"Shekara biyu da wata huɗu." Ba ta dube shi ba. "Na ci amanarka, na ci ta mutane. Ba sai ka kore ni ba, na san hanya."

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Ni shekarata biyar da sani."

Ta juyo.

"Wani mai gyara ne ya nuna mini. Na fita da gudu na samu Baba a benci, ina murna, na ce an huta da jira. Ya ce, sai Amope ta yi me? Na ce ai za a samo mata wani abu. Ya ce in zauna." Lasisi ya gyara zama. "Ya ce ranar da na sa aka fitar da akwatunansa, kwana uku ya yi abinci bai wuce masa ba, bai gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarmu. Ya ce, kai ɗana ne, ka tashe ni na haƙura. Amma yarinyar nan ni na zaunar da ita. Muddin ina numfashi ba za ka tashe ta ba, in kuma ka gaya mata ban yafe ba."

"Yarinya," in ji Amope.

"Haka ya ce."

"Wato ɗazu da ka ce in zaɓi takwas..."

"Kwanansa biyar a ƙasa, Anti. Da wane baki zan karya maganarsa, a kan littafinsa?"

Ta so ta yi fushi, kuma ta yi, na ɗan lokaci. Shekara biyar tsohon nan na zaune a ƙofa yana jin ana yi mata kirari, yana amsa gaisuwarta da tsaki kamar kullum, ashe shi ya tokare ƙofar da ƙafarsa. Kunya ta rufe ta, sannan wani abu da ya fi kunya nauyi ya biyo baya. Tun da aka yi rasuwar ba ta yi kuka ba, tana ta hidimar baƙi da tukwane. A nan ta kifa kai a kan madannai ta yi shi, Lasisi na zaune bai hana ta ba.

Ranar Juma'a an raba littafin cikakke, shafi tamanin da huɗu, ba a cire ko layi ɗaya ba. Ita ta duba gwajin ƙarshe, ta gyara alamun murya goma sha ɗaya da Modinat ta kuskure. Masu ɗab'in layin suka juya shi gaba da baya suna neman aibi, ba su samu ba.

Litinin ba ta zo shago ba, Talata ma haka. Lasisi ya je gidanta a Oje har sau uku. A zuwa na uku ya same ta a tsakar gida tana tsinke ganyen ewedu, wato lalo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce kujerarta na nan ba wanda ya taɓa, ko ba rubutun aljanu ai akwai duba gwaji, akwai abubuwa da yawa.

Ta yi murmushi, ba ta daina tsinka ba.

"Na gode, ɗan Baba. Da na ɗauka ni ce nake riƙe da kujerar nan, har ina ƙarya don kada ta kuɓuce. Ashe riƙe mini ita aka yi. Mai riƙewar kuwa ya tafi."

Ta tura masa kujera 'yar tsugunno da ƙafa, ta ce ya zauna ya jira amala, ta kusa sauka.